Allura da Bindigar Babanta

Shagonta shi ne na uku daga kan kwana, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da fenti. Keken ɗinki biyu ne a ciki, ɗaya na ƙafa ɗaya na lantarki, sai teburin yanka wanda almakashi ya cinye gefensa, da buhunan ƙyallaye a jingine bayan ƙofa. Tun tana yarinya ake ce mata Allura, don siririya ce, kuma in ta gaya maka magana sai ka isa gida kafin ka ji zafin wurin da ta soka. Yanzu ta ba hamsin baya, jiki ya ɗan cika, bakin dai yana nan yadda yake.

Babanta maharbi ne. Bindigarsa irin ta da ce, wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a shimfiɗa ɗan ƙyalle a bakin bututun, a aza dunƙulen dalma a kai, a tura da sanda har ƙasa. Harbi ɗaya gare ka. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri dabbar ta sha ruwa a wani dajin. Shekara talatin Baba ya yi yana fita da ƙungiyar maharba, kuma duk wanda ya san shi a lokacin zai gaya maka ba ya harbi biyu. In aka ji ƙarar bindigarsa, masu fiɗa sai su fara wasa wuƙa tun ba su ga naman ba.

Sai bindigar ta fara ƙarya. Haka shi da kansa yake faɗa. Zai auna kafaɗar barewa, dalmar ta tafi ta fasa reshen bishiya. Zai auna ƙirji, ta sami ƙafa, su wuni suna bin sawun jini a cikin ƙaya. Wannan ya fi komai ci masa rai, don a wurinsa dabbar da ka raunata ta tsere alhaki ne a wuyanka. Abokan farauta suka ce ido ne ya tafi. Ya je asibitin ido, likita ya gwada shi ya ce ganinsa ya fi na samari da yawa, har ya rubuta masa a takarda. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, duk wanda ya taɓo zancen sai ya zaro ya miƙa masa. Abin ya zama abin dariya. Har yara suka koyi zaro takarda daga aljihu suna kwaikwayon tafiyarsa.

Ƙaninsa, wanda Allura ke kira Baffa, shi ne shugaban ƙungiyar a lokacin. Shi ya ba da shawarar a ƙara albarushi, wai bindiga in ta tsufa ci take so. Baba ya ƙara. Ta riƙa dukan kafaɗarsa kamar jaki ya yi harbi, dalmar kuwa ta ƙara lalacewa. Kowace shekara kafin a buɗe farauta, ƙungiya kan taru a fili a kafa murfin durom da aka shafa wa farin fenti, taku sittin daga layi, kowa ya gwada bindigarsa. A shekarar da Baba ya harba sau uku murfin bai ko motsa ba, Baffa ya dafa shi a gaban mutane ya ce, "Yaya, ka huta haka nan. In mun shiga daji ka riƙa tsare mana babura."

Ya kuwa tsare. Shekara biyu yana zama a gindin bishiya da bindiga a kan cinya, yana kora wa babura awaki. Da ciwo ya kwantar da shi, Allura ce ke zaune a gefensa tana ɗinkin hannu. Wata rana da hantsi, ba tare da wani ya tambaye shi ba, ya ce mata ba shi ba ne, bai san mene ne ba, amma ba shi ba ne. Bai ƙara mako ba.

Bayan an share makoki Baffa ya zo gidan, ya zauna a kujerar Baba, ya ce zai tafi da bindigar a rataye ta a bangon ɗakin ƙungiya don tunawa. Yayan Allura, wanda ke aikin ofis a wani gari kuma motarsa ke jiransa a waje, ya ce shi bai ga laifin haka ba. Allura ta tashi ta ɗauko bindigar daga bayan gado, ta naɗe ta a cikin zane, ta rungume.

"Baffa, kun rataye shi da ransa," ta ce. "Ita ba za ku rataye ta ba."

Baffa ya tambaye ta ko ɗinki za ta yi da ita. Ta ce in ta gama zai gani.

Ta fara da ofishin lasin bindiga. Ma'aikacin ya tambaye ta sunan mijinta, ta faɗa, ya fara rubutawa, ta ce ya goge, nata za a sa. Ya ce sai ta kawo takardar ƙungiyar maharba. Ta je wurin Baffa, ya ƙi sa hannu. Ta koma ta ce wa ma'aikacin ya nuna mata layin da ya ce dole sai da ƙungiya. Ya buɗe takardu, ya rufe, ya shiga wurin ogansa, ya fito ya ce ta dawo Alhamis. Alhamis huɗu ta yi tana zuwa da ɗinkinta a jaka, ta zauna a bencinsu tana dasa maɓallai har a tashi. A ta biyar suka ba ta, ta tabbata don su huta da ganinta ne.

Daga nan ta kai bindigar wurin wani tsohon maƙeri a bayan tashar mota, wanda ya saba duba ta tun zamanin Baba. Ya wanke bututun, ya haska ciki da ɗan madubi, ya nuna mata siraran layukan da suka murɗe daga baki har ƙasa. Su ne ke kama dalmar su juya ta, in ji shi, shi ya sa take tafiya a miƙe, kuma ga su nan lafiya lau, ba tsatsa ba tsagewa. Abin da ya sa take ƙarya, shi ma bai sani ba. Ya koya mata ɗuri a hankali kamar mai koya wa yaro rubutu, ya ba ta tsohon ma'aunin albarushi na tagulla na Baba, na kafin a fara ƙari, ya kafa mata sharaɗi biyu: kada ta wuce bakin ma'aunin nan ko wa ya ce, kuma kada fuskarta ta leƙa bakin bututu ko da bindigar ba ɗuri.

Mijinta direban motar kaya ne, mutum mai sanyin hali wanda ake ce wa Sannu-sannu. Duk Litinin, ranar da take rufe shago, shi ke kai ta wani tsohon ramin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa. Ya jingina mata kwali a jikin tudun yashi, ya dawo bayanta can nesa, ya toshe kunne da auduga ya buɗe jarida. Ita kuwa ta zana da'ira da allin tela, ta ɗora bututun a kan buhun yashi don kada hannu ya shiga maganar, ta harba uku, ta je ta auna nisan hujojin da tef ɗin da ke rataye a wuyanta. Ranar farko hujoji biyu kawai ta samu, tsakaninsu ya fi tsawon hannun riga. Na ukun ko kwalin bai taɓa ba.

Ta ɗauki abin yadda take ɗaukar rigar da ta ƙi zama a jiki. Ba a farke wuya da hannu da ƙugu lokaci ɗaya, sai ka rasa wanda ya gyara da wanda ya ɓata. Wuri ɗaya ake taɓawa, a gwada, sannan a matsa gaba. Ta rage albarushi kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, hujojin suka ɗan matso. Ta kai dunƙulen dalmarta wurin wata ƙawarta mai sayar da 'yan kunne, suka ɗora su ɗaya-ɗaya a kan ƙaramin sikelin gwal, ta ga ashe ba nauyinsu ɗaya ba, wasu da iska a ciki. Ta ware marasa nauyin ta mayar wa maƙeri ya narke. Hujojin suka ƙara matsowa. Ta koyi goge bututu bayan kowane harbi. Duk kwalin da ta harba takan rubuta abin da ta canza a bayansa, ta jera su a ƙarƙashin teburin yanka. Wata biyar, kwalaye suka kai gwiwa, amma har yanzu a kowane uku sai ɗaya ta fanɗare ta tafi inda ta ga dama.

Kafin nan magana ta zaga. Wasu mata suka kwashe ɗinkinsu, wai kayansu na warin albarushi, alhali bindigar ba ta taɓa kwana a shagon ba. Wata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mace da jikoki a hanya tana wasan maza. Allura ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba, ta ce mata in ta tashi aiko da rigar a ƙara faɗi kamar bara, ta aiko da wuri. Baffa kuwa ya tare Sannu-sannu a gareji ya ce masa in namiji ne shi ya tsawata wa matarsa, tana zubar da mutuncin gidansu. Sannu-sannu ya saurara har ƙarshe, ya goge hannu da tsumma, ya ce shi shekara ashirin da shida ko gishirin miya bai iya sa ta rage ba, yanzu da take da bindiga ne zai fara? In Baffa na da hanyar, ga shagon can, ba nisa.

Wata Litinin da safe, tana tafiya duba kwali, idonta ya sauka kan wani ɗan abu mai launi a ƙasa, kamar taku goma daga inda take harbi. Tela ba ta wuce ƙyalle a ƙasa. Ta duƙa ta ɗauka. Ƙyallen ɗuri ne, wanda ke fita tare da dalma ya faɗi a hanya. Tsakiyarsa ya huje, gefensa ya naɗe ya yi tauri kamar ledar da ta taɓa garwashi. Ta duba kewaye ta tsinci wasu shida, na wannan makon da na baya. Biyu ne kawai suka fita da siffarsu. Sauran duk sun narke ko sun yage.

Ta san yadin. Ta san rigar da aka yanke shi daga jikinta, ta ma san mai rigar. Yadi ne mai sheƙi, rabinsa roba, irin wanda in dutsen guga ya yi zafi sai ya manne. Ta tsaya riƙe da shi a tafin hannu, sai ga Mama a idonta, zaune a bakin ƙofar ɗaki da ƙaramin almakashi, tana yanka 'yan da'irori daga wani yadi mai kauri mai ratsin shuɗi, irin na rigar katifa. Takan wanke shi sau biyu ta shanya, ta yanka, ta shafa wa kowane ɗaya kitse, ta jera a cikin gwangwanin madara. Ba wanda ya taɓa kallon wannan a matsayin aiki, har Baban. Da Mama ta rasu gwangwanin a cike yake, ya kai shi kusan shekara. Ranar da ya ƙare, Baba ya biyo ta shagon Allura ya ce ko tana da 'yan ƙyallaye. Allura ta tuna yadda ta zazzage buhu ta zaɓo masa mafi kyau, masu santsi da ƙyalli, ta yanka da hannunta ta cika masa gwangwanin, tana jin daɗin ta tsaya a gurbin uwarta. Shekara bakwai tana cika masa shi.

Ta zauna a kan dutse. Sannu-sannu ya ga an daɗe ba harbi, ya cire audugar ya zo. Ta buɗe masa hannu ta ce ita ce. Bai gane ba sai da ta maimaita. Ya ce ai ba ta sani ba, Baba ma da ya shekara talatin yana ɗuri bai sani ba. Ta ce ta ji, amma ya bar ta tukuna. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar, ta face hanci da gefen mayafi, ta ce ya tada mota su tafi layin masu katifa.

A can ta bi shago-shago da ashana a hannu. Duk yadin da aka miƙo mata sai ta zare zare ɗaya ta kunna. Wanda ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo ta mayar, wanda ya ci ya zama toka mai laushi ta ajiye. Masu shagunan suna kallonta suna kallon juna. Ta dawo da yadi kala huɗu na auduga zalla, kowanne da kaurinsa, ta wanke, ta yanka, ta shafa kitse. Mafi sirantar ya yage. Mafi kaurin ya ƙi shiga sai da ƙyar. A mako na uku, da na tsakiyar mai ratsi, ta harba uku ta je ta tarar da hujoji uku da za ta iya rufewa da murfin kofin shayi. Ta tsinci ƙyallayen a ƙasa, sun yi baƙi a tsakiya amma ko zare bai tsinke ba. Ta sake, ta sake, har dalmar da ta zo da ita ta ƙare.

Ranar gwajin ƙungiya ta iso filin da hantsi, bindiga a kafaɗa, tef a wuya don ta manta ta cire. Maza kusan arba'in suka juyo suna kallonta. Baffa ya ce layin na 'yan ƙungiya ne. Ta ce filin dai ba na ƙungiya ba ne, ga lasin ɗinta, za ta jira su gama. Ta tsaya a rana har na ƙarshensu ya harba, sannan ta je ta kafa kwalinta biyu a gefen murfin durom, ta dawo layi.

Ta ɗaga gwangwani ta ce wannan shi ne ƙyallen da Babanta ya yi amfani da shi a shekarunsa na ƙarshe. Ta ɗura, ta harba sau uku a kwalin hagu. Ɗaya ta sami gefe, biyu suka tada ƙura a tudu. Dariya ta tashi, wani ya ce gado ba ya ɓuya. Ba ta waiwaya ba. Ta goge bututun, ta buɗe ɗaya gwangwanin, ta ce wannan kuma irin wanda Mamanta ke yanka masa ne. Ma'auni ɗaya, dalma ɗaya, hannu ɗaya. Uku a kwalin dama. Da aka ɗauko kwalin, dariyar ta mutu tun kafin ya iso.

Baffa ya duba ya ce sa'a ce. Wani dattijo mai furfura, sa'an Baba, wanda da shi aka yi dariyar takardar likita, ya miƙo hannu ya ce a ba shi. Ta ɗura masa da na farkon, ya kuskure kwalin gaba ɗaya. Ta ɗura masa da na biyun sau biyu, hujojin suka taɓa juna. Ya daɗe yana juya ɗan ƙyallen a yatsunsa, sannan ya cire hularsa ya riƙe.

Allura ta juya ta fuskanci Baffa. Muryarta ba ta tashi ba.

"Laifin ƙyallen nawa ne, ni na yanka masa, zan kwana da shi har in mutu. Amma ya gaya muku ba idonsa ba ne, ya kawo muku takarda, ku arba'in ba wanda ya duƙa ya duba ƙasa. Babura kuka ba shi. Wannan naku ne, Baffa, ba zan ɗaukar muku ba."

Baffa ya ce ba a yi masa magana haka a gaban mutane. Ta ce a gaban mutanen aka yi wa Babanta. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Dattijon ya ce in tana so za su kawo maganar shigarta ƙungiya a taro mai zuwa. Ta gode masa, ta ce a bar shi, tana da direba.

Shekara uku ke nan. Tana fita farauta sau biyu ko uku a shekara, ita da Sannu-sannu wanda har yanzu aikinsa riƙe gorar ruwa. Ba ta harbin abin da ya wuce taku sittin, shi ya sa sau da yawa hannu wofi suke dawowa, ya yi ta tsokanarta a hanya cewa man motar ya fi naman yawa. Barewa biyu ta kayar tun da ta fara, kowace da harbi ɗaya.

Maharban kuwa ɗaya bayan ɗaya suka fara bayyana a bakin shagon da ba a ɗinka kayan maza, suna gaisuwa mai tsawo, suna tambayar lafiyar maigida, kafin su rage murya su ce wai 'yan ƙyallayen nan. Ba ta ba kowa sai ya kai bindigarsa wurin maƙeri an auna bakinta, kuma sai ya yarda ya tsinto mata waɗanda ya harba ta gani. Wanda ya ce mata zai ƙara albarushi don ƙarfi, takan nuna masa ƙofa da almakashi.

Baffa bai zo ba. Ya aiko matarsa sau ɗaya, Allura ta tare ta da fara'a, ta ba ta kujera, ta rage mata tsawon riga, ta ce ta gaida Baffa ta gaya masa shagon yana buɗewa ƙarfe takwas. Kullum da safe yakan bi ta ɗaya gefen titin a kan babur, fuska a gaba. Kullum takan tsayar da keke ta leƙo ta ce, "Baffa, ina kwana," da ƙarfin da mai fenti da mai rediyo za su ji. Yakan ɗaga yatsu biyu daga kan hannun babur bai juyo ba. A aljihun tebur, ƙarƙashin allin tela, akwai ambulan cike da ƙyallaye da ta yanka daidai bakin bindigarsa, don ta tambayi maƙeri awon tuntuni. Duk wata shida takan zubar da su in kitsen ya bushe, ta yanka sababbi.